Horar da Likitocin Gaggawa da Mutum-mutumi

Hakimai da magatakarda su sani, idan zuciyar mutum ta tsaya, ƙwaƙwalwa takan soma lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Wannan kuwa ba lokacin koyo ba ne.

Saboda haka ake horar da likitoci tun da wuri a kan mutum-mutumin roba. A 1960 Asmund Laerdal, mutumin ƙasar Norwe, ya ƙera wanda ake kira Resusci Anne. Ɗalibi yakan danna ƙirjinsa sau 30, ya hura masa iska sau 2, ya yi ta maimaitawa har hannunsa ya faɗa. Na zamani har numfashi suke yi, kwamfuta na sarrafa su. In ɗalibi ya kuskure, malami ya gyara masa, ba a yi hasarar rai ba.

A bayyana wa talakawa wannan, domin su riƙa gaggauta kai majiyyaci asibiti.