Kanungu: yadda ake gane malamin ƙarya tun kafin ya halaka jama'a

Ranar 17 ga watan Maris na shekarar 2000, wuta ta tashi a cikin wata majami'a da ke garin Kanungu, kudu maso yammacin ƙasar Yuganda. An riga an toshe tagogin ginin da katako da ƙusa, don haka babu wanda ya sami hanyar fita. Ɗaruruwan mutane suka ƙone, cikinsu har da yara masu yawa. Bayan kwanaki kaɗan ƴan sanda suka soma tono ramuka a wasu gidajen ƙungiyar, suka yi ta fitar da gawarwaki. A ƙarshe adadin mamata ya haura 700.

Ƙungiyar ta kira kanta mai maido da Dokoki Goma na Allah, an kuma kafa ta a ƙarshen shekarun 1980. Shugabanninta su ne Joseph Kibwetere, tsohon malamin makaranta kuma ɗan siyasa, da Credonia Mwerinde, wadda ta ce Maryamu uwar Yesu tana bayyana gare ta, da Dominic Kataribabo, limamin Katolika da Cocin ta riga ta tsige. A gidan Kataribabo kaɗai, a Rugazi, an tono gawa fiye da 150.

A ido, babu mutanen da suka fi su tsoron Allah. Suna yawaita azumi, sun haramta saduwa ko tsakanin mata da miji, sau da yawa ma da alamar hannu suke magana don gudun kada harshe ya yi ƙarya. Shugabannin suka sanar da cewa duniya za ta tashi ranar 31 ga Disamba 1999. Mabiya suka sayar da gonaki da shanu da gidaje, suka miƙa kuɗin ga ƙungiya. Da sabuwar shekara ta kama, rana ta fito yadda ta saba, wasu suka fara neman a mayar musu da dukiyarsu. Sai aka tsayar da sabuwar rana, aka yanka shanu, aka yi walima, sa'an nan aka kira jama'a cikin majami'a. Hukumomin Yuganda sun ba da umarnin kama shugabannin, amma ba a taɓa gurfanar da ko ɗayansu gaban alƙali ba.

Abin lura shi ne addinin Kirista bai jira Kanungu ba kafin ya siffanta irin waɗannan mutane. Sura ta biyu ta Wasiƙar Bitrus ta Biyu, a cikin Sabon Alkawari, kusan dukkanta a kan malaman ƙarya take, kuma ta fi tsayawa kan halinsu fiye da kuskuren koyarwarsu. Ta zarge su da kwaɗayin da ke sa su mai da mabiya hajar ciniki, da bin sha'awar jiki, da girman kan da ke hana su yin biyayya ga kowa. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta takwas, ya ba da labarin Siman na Samariya, wanda ya kawo wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya tsawata masa. Daga sunansa aka samo kalmar Faransanci simonie, wato cinikin abubuwa masu tsarki.

Akwai kuma wani ƙaramin littafi mai suna Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, aka sake gano shi a birnin Istanbul a 1873. Ya ba Kiristocin farko ma'auni mai sauƙi kan baƙon mai wa'azi: a sauke shi kwana ɗaya, ko biyu in da larura, in ya kai uku, na ƙarya ne. In zai tafi, a ba shi guzurin abinci zuwa masauki na gaba. In ya roƙi kuɗi, shi ma na ƙarya ne. Haka nan wanda yake koyar da gaskiya amma ba ya aikata abin da yake koyarwa.

Wannan ma'auni ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwa. Babu mai ba da bashin kaya saboda daɗin bakin mutum. Sai an duba ko ya biya na bara. Ma'aikacin gwamnati kuma ya san cewa asusun da babu mai bincikarsa ba ya daɗewa bai yi ɓula ba. Mutanen Kanungu sun ga azumi da tufafin ibada, amma ba su tambayi inda kuɗin gonakinsu ke shiga ba, sai bayan ya fita hannunsu. Sun kuma yarda aka raba su da danginsu, aka tsare su wuri guda, inda babu ɗan'uwan da zai ja kunnensu.

Saboda haka, duk mai wa'azin da ya ce a sayar da gida a kawo masa kuɗi, ko ya hana mabiyansa ziyartar iyayensu, ko ya husata don an tambaye shi lissafin baikon da aka tara, to ya nuna halinsa tun da wuri. A lokacin ya kamata dangi da shugabannin majami'u da hukuma su sa baki, tun ƙofa tana buɗe.