Waye maƙwabcina? Tambayar da Kiristoci ke amsawa a kan hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi

Duk wanda zai bi hanyar da ta tashi daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, ko ta ɓangaren Zurmi, sai ya tambayi direbobi a tasha ko hanya lafiya. Shekaru ke nan 'yan bindiga na tare motoci a wannan yanki na arewacin Zamfara, suna sace matafiya don neman kuɗin fansa. Mutanen Jangeru da ke ƙaramar hukumar Shinkafi da ƙauyukan kewaye sun san wannan fargaba.

A cikin masu bin hanyar akwai Kiristoci. Ba su da yawa: 'yan kasuwa, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, jami'an tsaro da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙaura Namoda a 1983. Zaman wasunsu ya samo asali tun zuwan layin dogo, wanda ya ƙare a garin a 1929 ya kuma jawo ma'aikata da fatake daga kudu.

Labarin da ya yi kama da na gida

A babi na 10 na Bisharar Luka, wani masanin Attaura ya tambayi Yesu ko wane ne maƙwabcinsa. Yesu ya amsa da labarin wani matafiyi da 'yan fashi suka tare tsakanin Urushalima da Yariko, hanya mai gangara ta kimanin kilomita 27 da ta yi suna wajen fashi. Suka yi masa duka, suka bar shi rai a hannun Allah. Firist ya wuce, Balawe ma ya wuce. Wanda ya tsaya Basamariye ne, mutumin wata al'umma da Yahudawa ba sa ga maciji da ita. Ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya dinari biyu.

Mai karatu a Legas na iya ɗaukar wannan a matsayin misali kawai. A nan kuwa tambaya ce ta zahiri: direban da ya tarar da mota a gefen hanya da mutane kwance, zai tsaya ko zai ƙara wuta? Tsoron da ya sa wasu ke wucewa ba ƙarya ba ne, domin maharan na iya kasancewa a kusa. Labarin bai ce a jefa kai cikin halaka ba. Abin da ya hana shi ne a fara duba addini ko ƙabilar wanda ya faɗi kafin a taimaka. Taimakon na iya zama sanar da jami'an tsaro a shinge na gaba, ba da jini a asibiti, ko saka hannu a karo-karon da unguwa ke yi wa iyalin da aka sace musu mutum.

A yankin da kusan kowa Musulmi ne, wanda ya faɗi a hanya galibi Musulmi ne, wanda zai ɗaga Kirista idan ya faɗi ma haka. Musulunci ya ba haƙƙin maƙwabci muhimmanci sosai, don haka a wannan gaɓa addinan biyu ba su saɓa ba.

Mudu da tiya

Ba kullum ake gwada bangaskiya da bindiga ba. A watan Satumba na 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya a jihar, aka taƙaita sayar da fetur. Kaya suka yi tsada. A irin wannan lokaci ne ɗan tireda ke samun damar ɓoye kaya ko tauye mudu.

Littafin Karin Magana 11:1 ya nuna Allah na ƙyamar ma'aunin algus, babi ɗaya kuma ya yi tir da mai ɓoye hatsi a lokacin buƙata. Ga Kirista mai shago a tsakiyar Musulmi, cikar tiyarsa ita ce wa'azin da abokan ciniki ke ji. Da yawansu ba za su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, duk da cewa an fassara shi gaba ɗaya da Hausa tun 1932, amma kowa na gane mai cika awo.

Inda abin ya fi nauyi

Koyarwar da ta fi wuya ita ce gafara. A Matiyu babi na 5 Yesu ya umarci mabiyansa su yi wa masu tsananta musu addu'a. Faɗin haka ga uwar da ta sayar da gona ta fanshi ɗanta ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai gafara ba ta nufin a bar mai laifi ya ci bulus. Romawa babi na 12 ya hana mutum ɗaukar fansa da hannunsa, babi na 13 kuma ya ɗora wa hukuma alhakin hukunta masu mugunta. Wannan bambanci na da amfani a Zamfara, inda gwamnatin Matawalle ta gwada sulhu da 'yan bindiga a 2019, Gwamna Dauda Lawal kuma ya ce tun hawansa a 2023 ba zai yi sulhu da su ba. Ko wanne ɓangare Kirista ya goyi baya, koyarwar ta hana shi ɗora laifin 'yan bindiga a kan kowane Bafulatani da ya gani a kasuwa. Ramuwar gayya a kan wanda bai ji ba bai gani ba na cikin abubuwan da suka hura wutar rikicin.

A ƙarshen labarin, Yesu ya juya tambayar ga mai ita: a cikin mutum ukun, wa ya zama maƙwabci ga wanda aka tare? Masanin ya ce wanda ya nuna jinƙai, aka ce ya je ya yi haka. Gobe da safe motoci za su sake lodi a tashar Ƙaura Namoda, Musulmi da Kirista a kujera ɗaya.