Yadda Skyrim Ya Buɗe wa Sababbin 'Yan Wasa Ƙofa

Wasan da ake kira RPG shi ne wanda mutum ke ɗaukar jarumi ya raine shi, tun yana da rauni har ya ƙasaita. Abin da ke korar baƙo daga irinsa shi ne yawan lissafi.

Kamfanin Bethesda na Amurka ya daɗe yana rage wannan nauyi a jerin wasanninsa na The Elder Scrolls. Morrowind na 2002 yana da fannonin ƙwarewa 27, Oblivion na 2006 ya rage su zuwa 21, Skyrim na 2011 kuma ya tsaya a 18. A Morrowind kana iya kai sara da takobi, ka gani da idonka ya sauka a jikin abokin gaba, amma a ce ka kuskure, domin ƙuri'a ake jefawa a ɓoye. Wannan ya sa sababbi da dama sun karaya, kuma soke shi da aka yi daidai ne.

Skyrim ya daina tilasta wa mutum zaɓen sana'ar jarumi tun kafin ya san kan wasan. Abin da ka yawaita yi, baka ko sihiri ko ƙira, a nan za ka ƙware. An sayar da fiye da kwafi miliyan 60 na wasan.

Amma akwai hasara. A Morrowind kwatance ake ba ka, ka bi hanya da hankalinka. A Skyrim alama ce ke jan ka har bakin ƙofa, daɗin bincike ya ragu. A ganina, a nan sauƙin ya wuce gona da iri.