Unguwar Kanwuri a Gusau da Hocenta

Bismillahi. Ina so in ja hankalinku ga tsohuwar unguwar Kanwuri a Gusau, wadda baƙi ba su cika shiga ba.

Matafiyi yakan sauka a tasha, ya ci shinkafa a Sabon Gari, ya koma gida ya ce ya ga Gusau. Alhali kuwa Sabon Gari ya bunƙasa ne da zuwan jirgin ƙasa. Asalin garin yana wajen Kanwuri, inda fadar Sarki take, gidan zuriyar Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, wanda ya taso daga 'Yandoto ya kafa Gusau.

Can na yi almajirci ina yaro, bayan mahaifina ya kawo ni daga 'Yankuzo. Da asuba za ka ji karatun allo yana tashi daga zauruka. Kafin hantsi tsofaffin mata sun fito da hoce. Ga yadda ake yinsa: a jiƙa dawa, a niƙa, a kwaɓa, a bar ƙullin ya kwana ya yi tsami, sa'an nan a gasa. Ana ci da garin ƙuli-ƙuli da ɗan mai, ko da miyar sure. Yakan yi kwanaki bai lalace ba, shi ya sa fatake da almajirai suka riƙe shi guzuri. Sau da yawa guda biyu sun riƙe ni tun safe har la'asar.

To, jama'a, ga abin da ke damuna. Dawar nan daga ƙauyuka take zuwa, irin su 'Yankuzo da sauran ƙasar Tsafe da Bunguɗu. Tun da ɓarayin daji suka addabi Zamfara, manoma da yawa sun bar gonakinsu, wasu sun yi hijira zuwa birni. In dawa ta yi tsada, tsohuwa ta bar gashi, jikarta kuma ba za ta koya ba.

Saboda haka wanda ya zo Gusau, ya daure ya shiga cikin gari, ya gai da malamai, ya sayi hoce a hannun masu yinsa. Allah ya maido da manoma gonakinsu lafiya, amin. Wassalamu.