Daga Littafin Lissafi Zuwa Kwamfuta: Yadda Ɗalibi Zai Fara Daga Tushe

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

'Yan uwa, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take yi a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa adana lissafi amana ce. A nan Malanville, inda gada ta haɗa mu da Gaya, kuma kasuwarmu take tara 'yan kasuwa daga Nijar da Najeriya da Kwatano, kusan kowa yana da littafi: mai shago yana da na bashi, dillalin albasa yana da na buhuna, ma'ajin masallaci yana da na sadaka, malamin Islamiyya yana da na kuɗin wata. Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 ciniki ya ja baya, kuskuren da a da ake kau da kai a kansa yanzu yana iya raba abokan shekara ashirin.

Shi ya sa muke kira ga ɗalibanmu su koyi rubuta wa kwamfuta umarni, domin ta riƙa yin aikin lissafin da ake maimaitawa kullum. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a gidanmu. Kalmar algoridim, wato jerin matakan warware matsala, ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma babban sashe na littafinsa na aljabara a kan rabon gado da wasiyya yake.

Wanda bai taɓa yi ba zai iya farawa da harshen Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991. Kyauta ne, kuma manhajar Pydroid 3 tana gudanar da shi a wayar Android, don haka rashin kwamfuta bai zama uzuri ba. Kalmomin umarninsa na Ingilishi ne, amma ba su kai arba'in ba, ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci zai haddace su cikin 'yan kwanaki.

Abubuwa uku ne ginshiƙin aikin. Na farko, ajiya: a ba wani adadi suna, kamar yadda ake rubuta suna a jikin buhu. Na biyu, sharaɗi: idan kaza ya faru, a yi kaza. Na uku, maimaitawa: a bi layukan littafi ɗaya bayan ɗaya, a yi wa kowane abu guda.

Mu ɗauki zakkar hatsi, wadda ɗaliban fiƙihu suka sani. Nisabinta wasaƙi biyar, wato sa'i 300. Idan amfanin gona bai kai haka ba, babu zakka. Idan ya kai, a duba: ruwan sama ne ya shayar da shi, a fitar da ɗaya bisa goma, da wahala aka yi ban ruwa, kamar da injin jawo ruwa daga kogi, a fitar da ɗaya bisa ashirin. Wanda ya fahimci wannan ya riga ya fahimci sharaɗi. Saura kawai ya rubuta shi cikin layuka kaɗan, ya sa na'ura ta bi sunayen manoman shinkafa ɗari cikin ƙiftawar ido.

Sai dai a nan ne hatsarin yake. Kwamfuta ba ta san hukunci ba, abin da aka ba ta shi take mayarwa. A mazhabar Malikiyya shinkafa da gero da dawa suna da zakkar amfanin gona, albasa kuwa ba ta da ita. Idan ɗalibi bai tambayi malami ba ya haɗa su wuri guda, na'ura za ta yi kuskuren sau ɗari ba tare da ta tsaya ba. Haka nan batun kuɗi: a bakinmu dala ɗari muke cewa, a takarda kuwa sefa 500 ne. Wani kuma ya biya da naira. Idan mai rubutu ya gauraya waɗannan a layi ɗaya, jimilla za ta fito tsaf, amma ƙarya ce.

Saboda haka shawararmu ita ce a fara da tsabtace littafi kafin a taɓa Python. A kwashe shi zuwa Excel ko LibreOffice, wanda yake kyauta: kwanan wata a gurbinsa, suna a gurbinsa, adadi a gurbinsa, da nau'in kuɗi guda ɗaya. Daga nan a zaɓi aiki ɗaya ƙarami na gaske, misali fitar da jimillar sadakar Juma'a ta kowane wata. A rubuta umarnin, sannan a lissafa wata guda da hannu a gwada. In sun yi daidai, a ci gaba. Rabin sa'a kullum bayan Asuba ya fi yini guda a mako.

A kuma tuna cewa sunayen masu bashi da masu karɓar zakka sirri ne. Kada a tura su a zaurukan WhatsApp da sunan neman taimakon gyara. A musanya su da sunayen ƙirƙira tukuna. A riƙa ajiye kwafi a wuri na biyu, kada a yar da littafin takarda.

Muna roƙon kwamitocin masallatai su miƙa wa matasa biyu ko uku wannan aiki, ƙarƙashin idon ma'aji da liman. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu cikin masu tsare amana. Amin.