Ibrahim Gobir: Sanatan da ya shekara 12 yana kai kukan gabashin Sakkwato majalisa

A watan Mayun 2020, Sanata Ibrahim Abdullahi Gobir ya miƙe a zauren Majalisar Dattawa ya faɗi maganar da ta girgiza 'yan Najeriya. Ya shaida wa takwarorinsa cewa idan 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan mazaɓarsa, sojojin Jamhuriyar Nijar sun fi na Najeriya saurin kawo ɗauki.

Kafin watan ya ƙare, 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a wasu ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, mahaifar sanatan, wadda ke kan iyaka da Jihar Maraɗi.

Daga injiniya zuwa sanata

An haifi Gobir a 1953. Injiniyan lantarki ne da ya yi digirinsa na biyu a Jami'ar Detroit ta Amurka, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi. Ya taɓa aiki a kamfanin siminti na Sakkwato.

A 2011 ya lashe kujerar Sakkwato ta Gabas a jam'iyyar PDP. Mazaɓar ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Sabon Birni da Isa da Goronyo da Wurno da Rabah da Gada da Illela da Gwadabawa. Daga baya ya koma APC kamar Gwamna Aliyu Wamakko, inda ya sake cin zaɓe a 2015 da 2019.

Muƙami a Abuja, kuka a gida

A zangonsa na uku ya shugabanci kwamitin tsaron ƙasa da bayanan sirri. A Yulin 2022 kuma ya zama shugaban masu rinjaye, bayan Sanata Yahaya Abdullahi na Kebbi ya fice daga APC.

Sai dai a waɗannan shekarun ne lamarin tsaro ya fi dagulewa a yankinsa. A Oktoban 2021 aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutum fiye da 40. A Disamban shekarar aka ƙona matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni. Ƙauyuka da dama suka koma biyan 'yan bindiga haraji kafin su yi noma, dubban mutane kuma suka yi gudun hijira zuwa Nijar. Sunan Bello Turji ya zama abin tsoro daga Isa har bakin iyaka.

Abin da ya ɗaure hannun duk wani sanata shi ne tsarin mulki. Ikon tura soja yana hannun shugaban ƙasa, 'yan sanda ma na tarayya ne. Ɗan majalisa kan gabatar da ƙuduri, ya gayyaci hafsoshin tsaro su yi bayani, ya sa baki a kasafin kuɗi, amma ƙudurin irin wannan shawara ce da ba ta tilasta wa gwamnati komai. Manomin da aka kora daga gonarsa kuwa ba ruwansa da wannan bambanci, wanda ya zaɓa yake tuhuma.

Bayan majalisa

A 2022 Gobir ya nemi takarar gwamna a APC, amma Ahmed Aliyu ya samu tikitin. A 2023 ya bar majalisa, Ibrahim Lamiɗo ya gaje shi.

Canjin wakili bai kawo ƙarshen matsalar ba. A Agustan 2024 aka samu labarin rasuwar Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun 'yan bindigar da suka sace shi. Mutanen Isa da Sabon Birni na nan suna jiran ranar da za su kwana a gidajensu, su je gona, su ci kasuwa ba tare da fargaba ba.