Sanyi Mai Tsada: Yaɗuwar Esi a Shagunan Gobarau da Lissafin da Ke Bayansa

Duk wanda ya biyo titin IBB a birnin Katsina, ya ratsa Ƙofar Soro ya shiga lungunan Gobarau, zai ga abin da shekaru ashirin baya sai a banki ko ofishin gwamnati ake gani: akwatunan esi maƙale a bangwaye cikin kejin ƙarfe, suna huci. Kemis na da shi, haka ɗakin gwajin jini, shagon wayoyi, wurin buga takardu da ofishin masu shirya tafiya Umara. Na'urar sanyaya ɗaki ta tashi daga kayan alatu ta zama kayan sana'a, kuma mai gina 'yar filaza mai shago shida ko takwas yanzu yana fuskantar tambayar da ubansa bai taɓa yi ba: ya ɗora babbar na'ura guda ta wadaci ginin duka, ko kowane ɗan haya ya sa tasa?

Amsar tambayar ba ta wurin dillalin na'ura. Tana cikin yanayin garin, da irin ginin, da wutar da za ta ja na'urar.

Abin da ya kawo yayin

Dalili na farko shi ne zafin kansa. Daga Maris zuwa Mayu, da rana tsaka a Katsina ma'auni kan haura digiri 40. A ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2024, ana tsakiyar azumi, yankin Sahel ya sha wani zafi da masana suka ce da wuya ya auku in ba don sauyin yanayi ba. A garin Kayes na ƙasar Mali an auna digiri 48.5. Mai shagon da ya ga ciniki ya tsaya cak daga azahar zuwa la'asar ba ya buƙatar a karanta masa rahoto.

Na biyu shi ne ginin da muka koma yi. Hasumiyar Gobarau, wadda tarihi ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, da tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, duka na ƙasa ne. Katangar tubali mai kauri da rufin azara suna shanye zafin rana a hankali, ba sa sako shi sai dare ya yi, shi ya sa zaure ke da sanyi da azahar. Shagon yau kuwa bulo ne mai rami a ciki, da kwano a sama, sau da yawa ba silin, ga ƙofar gilashi tana kallon yamma. Kwanon da rana ta daka yana iya wuce digiri 60, kuma zafin nan kai tsaye yake sauka a kan mai shago da kayansa. Kaso mai yawa na sanyin da ake saya yau, gyaran ɓarnar magini ne.

Na uku shi ne kayan da ake sayarwa da masu saye. Yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu a ajiye su ƙasa da digiri 30, wasu ma 25. Kwamfuta da injin buga takarda da na'urorin gwaji ba sa jure zafi da ƙura. Sannan akwai gasa: in shaguna biyu na jere, mai saye ya fi daɗewa a inda gumi ba ya karyo masa, wanda ya daɗe kuwa shi ke ƙara saye. Wannan ba a Katsina kaɗai ba ne. Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi hasashe a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki za su tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050, mafi yawansu a ƙasashe masu zafi.

Wuta ce ke yanke hukunci

Sai dai yayin ya zo a daidai lokacin da makamashi ya yi tashin gwauron zabo. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin fetur, litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500, ta kuma taɓa dubu a ƙarshen 2024. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, kafin a sassauta zuwa 209.5. A Oktoban shekarar, lalacewar layin Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir ta bar yawancin Arewa cikin duhu sama da mako guda, har da Kano da Katsina da Jigawa da kamfanin KEDCO ke rarraba wa wuta. Faɗuwar darajar naira kuma ta ninka farashin na'urar da kayan gyaranta.

A yi lissafi mai sauƙi. Esi mai hos ɗaya da rabi, irin na da, yana jan kusan kilowat 1.2. In ya yi awa goma a rana, kwana 26 a wata, ya ci yunit 312, wato kimanin naira 65,000 a farashin rukunin A na 2024. In a kan janareto ne mai shan kusan lita guda a awa, kuma lita na naira dubu, kuɗin wata ya doshi 260,000. Ɗaki ɗaya ke nan. A cikin 'yan watanni kuɗin mai ya zarce kuɗin da aka sayi na'urar. Saboda haka wanda ya tsaya ciniki a kan farashin saye kaɗai, ya bar babban kuɗin bai taya ba.

Babba guda ko ƙanana rarrabe

Babbar na'urar da ke haɗe wuri guda, mai kwamfareso da fanka da komai cikin akwati ɗaya a kan rufi, tana tura iska ta bututu zuwa ɗakuna, ita ce ruwan dare a kan rufin kantuna a Amurka da ƙasashen Larabawa. Tana da amfaninta: ƙara da zafi na waje, mai gyara ba ya shiga cikin shago, bango ba ya cika da akwatuna. Amma an ƙera ta ne don wurin da wuta ba ta yankewa. Mai tan biyar, wadda ke cikin ƙanana a ajinta, tana jan kusan kilowat shida, galibi tana son wuta mai layi uku, kuma lokacin tashi takan ja ninkin haka sau da dama. Idan aka ɗauke wuta, sai janareton dizal babba. Nauyinta ya kai kilo 200 ko fiye, abin da rufin kwano ko na azara ba zai ɗauka ba sai dakin kankare. Bututun iskar da ya ratsa ƙarƙashin kwano mai zafi, in ba a naɗe shi da kyau ba, yana zubar da sanyin tun kafin ya iso ɗaki. Ranar da ta lalace kuwa, ginin duka ne ya shiga uku, kuma kayan gyaranta sai an aika Kano ko Legas.

Akwai kuma matsalar 'yan haya. Tela na tashi da magariba, mai kemis na kai wa goma na dare, wani shagon a rufe yake wata guda. Wa zai biya nawa? Rigimar kuɗin wutar haɗaka sananniya ce a kowace filaza.

Ɓangaren ɗumama ɗaki da manyan na'urorin ke zuwa da shi ma asarar kuɗi ne a nan. Sanyin hunturu na Disamba da Janairu da dare da asuba yake cizo, lokacin da shaguna ke rufe. Kafin hantsi ya ɗaga rana ta gama aikin.

Don haka babbar na'ura ta fi dacewa da fili guda mai faɗi da mai shi ɗaya, kamar babban kanti, ɗakin taro ko reshen banki. Ginin da aka yanka shago-shago, irin wanda ya cika Gobarau da kewayen kasuwa, ya fi samun sauƙi da na bango mai gida biyu, kowa da mitarsa, ko na tsaye ga ɗaki mai ɗan girma.

A nan ma akwai abin dubawa. Na'urori aji-aji ne: mai alamar T1 an gwada ƙarfinta ne a zafin waje na digiri 35, mai T3 kuma a digiri 46. Yawancin na gwanjo da aka kwaso daga ƙasashe masu sanyi T1 ne, shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da aka fi buƙatarsu, suke ta gurnani ba sanyi. Araha ba ta ado. Mai inbata ya fi tsada a saye, amma yana tashi a hankali, yana rage gudu in ɗaki ya yi sanyi, kuma shi ne ƙaramin janareto ko sola ke iya ja. Girman ma daidai ruwa daidai tsaki: wanda ya yi wa ɗaki kaɗan ba ya hutawa, wanda ya yi yawa kuma yana ta kunnawa da kashewa, ya bar ɗakin da danshi a damina.

Abin da yayin ke bari a baya

Amfanin a fili yake. Magani na tsira da ƙarfinsa, ma'aikaci na iya aiki da rana tsaka, sana'ar masu haɗawa da gyaran esi ta samar wa matasa abin yi. Yana kuma tura mutane ga sola, domin lokacin da zafi ya fi tsanani shi ne lokacin da faranti ya fi ba da wuta, shago kuma da rana yake aiki, ba sai an tara batura masu yawa ba.

Illar ma a fili take. Esi ba ya kashe zafi, kwashe shi yake daga ciki ya watsa waje. A lungu mai faɗin taku uku, hucin akwatin wani yana shiga tagar maƙwabcinsa, ga hayaƙi da ƙarar janareto. Ruwan da ke ɗiga daga na'ura a damina, in ba a ja masa tiyo ba, yana cin gindin katangar ƙasa sannu a hankali har ta rufta. Taransifomar unguwa da aka kafa don ƙwan fitila da fanka tana ɗaukar nauyin da ba nata ba, wuta ta riƙa zuwa rabi-rabi, kwamfareso ya ƙone.

Sai maganar gas. “Gas ya ƙare” ita ce kalmar da mai shago ya fi ji daga bakin mai gyara. Gas ɗin esi ba ya ƙarewa kamar mai. In ya ragu, yoyo yake yi, galibi a mahaɗar bututun tagulla. Ƙara shi duk shekara ba tare da toshe yoyon ba kuɗi ne a iska, kuma guba ce ga sararin sama. R22 na tsoffin na'urori yana kan hanyar dainawa nan da 2030 a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal. R410A ya fi iskar kabon riƙe zafi sau kusan 2,000, R32 kuma kusan 675. Nijeriya ta amince da gyaran Kigali da aka yi wa yarjejeniyar a 2016, wanda zai rage irin waɗannan, don haka mai sayen tsohuwar na'ura yau yana sayen wadda gas ɗinta zai yi wuya gobe. Ƙurar hunturu kuma tana toshe rariyar ciki da haƙarƙarin akwatin waje. Rariyar da ba a wankewa duk mako biyu tana sa na'ura cin wuta ba sanyi.

Inda ya kamata a fara

Kuɗin farko na rufi ne: silin mai abin tare zafi, farin fenti a kan kwano, rumfa a gaban gilashin da ke kallon yamma, toshe ƙasan ƙofa, itace a bakin shago in da wuri. Birnin Ahmedabad na Indiya ya mayar da farin rufi manufar hukuma bayan zafin 2010 da ya kashe mutane sama da dubu. Shagon da aka yi wa wannan yana iya wadatuwa da hos ɗaya a inda da sai biyu. Wasu ma fanka da na'urar da ake zuba wa ruwa sun ishe su a Maris da Afrilu, lokacin da iska ke bushe ƙayau, ko da yake ba ta aiki in damina ta sauka. Bayan an sa esi, a tsayar da shi a 24 zuwa 26 tare da fanka. Sa shi a 16 ba ya hanzarta sanyi. Indiya ta wajabta wa kamfanoni saita sababbin na'urori a 24 tun Janairun 2020.

Babban cikas shi ne mai gini daban, mai biyan kuɗin wuta daban. Mai gida na rage kuɗin silin sau ɗaya, ɗan haya na biyan ramuwar kowane wata har ya tashi. Ɗan haya na da damar ya duba sama kafin ya biya kuɗin shekara, ya sa rashin silin cikin ciniki. Hukumar tsara birane ta jiha kuma na da damar sa rufi mai tare zafi, da wurin ajiye akwatin waje da magudanar ruwansa, cikin sharuɗɗan amincewa da taswirar ginin kasuwanci. Muddin ba a yi haka ba, kowace sabuwar filaza a Katsina za ta zo da bashin wuta na shekaru talatin, kuma masu ƙaramin jari ne za su biya.